Sukarin da Baba Ya Ƙi Ƙara wa Kuɗi

Ranar Laraba, sha biyu ga Janairun 1994, da sanyin safiya ina zaune bisa buhun shinkafa a butik ɗin Babanmu a Badagishiri, ina ƙulla sukari cikin ƴan ledoji kafin a kaɗa ƙararrawar lakwal, makarantarmu ta boko. Shekarata sha ɗaya, yatsuna sun ƙage don sanyi. Rediyon Baba na rataye a ƙusa yana ta surutu da Faransanci, ba mai kula shi, sai ga Mushe Garba, malamin ajinmu, don Mushe muke ce wa malaman lakwal, ya tsaya sayen ashana. Ya ɗaga hannu a yi shiru, ya kara kunne, na ga fuskarsa ta sauya. Ya ce, "Malam Hamidu, an kashe mu. An karya kuɗinmu sefa, rabin darajarta ya tafi." Baba ya sa hannu a aljihu ya ciro takardar jika, wato sefa dubu, ya juya ta gaba da baya, ya ce, "To ga ta nan lafiya lau, Mushe. Ta ina ta karye?" Masu shan hantsi a bakin rumfa suka kwashe da dariya, ni ma na taya su. Mushe bai yi dariya ba, har ya tafi ya mance ashanarsa.

Butik ɗin nan ɗaki ɗaya ne na ƙasa da ƙofar kwano, jikin zaurenmu, yana kallon kwalta. Shekaru Baba ya yi yana cin rani yana noman albasa a fadama kafin ya tada shi, kuma shi ke riƙe da gidanmu, tun daga cefane har takalman lakwal. A watan nan ya cika fiye da kullum, don azumi ya kusa. Baba ya sayar da albasarsa duka ya zuba kuɗin a kaya: sukari buhu bisa buhu har ya kusa taɓa azara, ga madarar gwangwani, ga shayi, ga tumatir da sabulu. Aikina shi ne ƙulla sukari da gishiri da safe, in na taso lakwal in ɗebo ruwa tulu uku, in taya Inna surfe, da la'asar in ɗauki tiren ƙuli-ƙuli in zaga gari. Duk wannan bai hana bakina aiki ba. Aku ake ce mini a gida, Inna kan ce da a baki ake surfe da ta huta da turmi. Ban taɓa jin haushin sunan ba, alfahari ma nake da shi.

Da azahar ranar nan rumfar Baba ta cika maƙil, muka laɓe a zaure muna ji. Ta gabanmu ne manyan motocin uraniyom ke gangarowa daga arewa da rakiyar jandarma, su nufi Konni su wuce bakin teku, mu yara mu bi su da ihu muna ɗaga hannu. Wani tsohon direba, Tanko, wanda ya sha zuwa Kotonu, ya rantse cewa abin da ke cikin motocin nan shi ke kunna fitilun Faransa, mu kuwa sai mun tsallaka Najeriya mu sayo kananzir kafin mu ga tuwon da ke gabanmu. "Kura da shan bugu, gardi da amsar kuɗi," in ji shi. Mushe Garba ya ce maganin abin ɗaya ne, mu bar wa Faransa kuɗinta mu buga namu. Tanko ya ce ya leƙa ƙetaren iyaka ya ga naira, ai tasu ce ta kansu, ga ta nan kullum sai ƙasa take yi. Wani ya ce shugabanninmu ne suka sa hannu, wani ya ce hannun da aka murɗe ba a tambayarsa abin da ya rubuta. Har aka kira la'asar ba wanda ya ci wani. Can tsallaken kwalta kuwa, akwai Alhaji Sanda mai babban butik. Tun hantsi ya garƙame ƙofarsa da kwaɗo, ya ce zazzaɓi yake ji.

Da mutane suka watse Mushe ya ja Baba gefe ya ce shi ma ya rufe, ko na kwana uku ne, har a ga inda kasuwa ta tsaya. Baba ya girgiza kai. Shi a wurin mahaifinsa ya koyi ciniki, kuma ƙa'idar gidansu guda ce: bisa abin da ka saya kake ɗora ribarka, ba bisa abin da ka ji a gari ba. "Kayan ga da tsohon kuɗi na sawo su," in ji shi. "In na ƙara, azumi na tahe, mi zan ce ma Allah?" Inna ba ta yi karatu ba, amma ta fi su duka ganin nesa. Ta ce, "Malam, na ji, kar ka ƙara. Amma ka yi shiru da bakinka. Maƙwabta da dangi su saya kaɗan-kaɗan, kar gari ya sani." Baba ya yarda da wannan. Ina tsaye riƙe da rariya aka yi maganar, da kunnena na ji.

Washegari a filin lakwal, lokacin hutu, muna carafke a gindin itacen bedi, sai Rabi ɗiyar Alhaji Sanda ta ce babanta ya ce komai zai ninka, kuma ƙananan masu butik duk za su koma tallan goro. Ta faɗa tana kallona. Wallahi ji na yi kamar an watsa mini barkono a ido. Na miƙe na riƙe ƙugu na ce, "Mu Babanmu ba ɓarawo ba ne! Ko tamma bai ƙara ba, kuma sukari na nan cike da ɗaki har rufi!" Yara suka yi mini tafi, kaina ya ƙara kumbura. Na maimaita a bakin rijiya. Da la'asar na ɗauki tire, duk gidan da na shiga sai na bar labarin kafin in bar ƙuli-ƙuli. Har ga Allah gani nake yabon ubana nake yi.

Kafin rana ta faɗi layi ya kai bakin kwalta. Da fari maƙwabta ne, tsofaffi mata da kuɗinsu ƙulle a bakin zane, suna saye suna sa albarka. Ranar Juma'a sai ga fuskokin da ba mu taɓa gani ba, daga ƙauyukan tudu, wasu da jakuna. Baba ya ce ƙulli biyu-biyu ga kowa, don ya isa. Sai ga yara, yara ba iyaka, kowane da kuɗi sababbi a hannu, wanda ya saya ya zagaya bayan masallaci ya dawo ya canza hula. Inna ta gane su, ta leƙo daga zaure tana faɗa: "Malam, turo su aka yi! Rufe ƙofar nan!" Baba ya ce shi ba zai kori ɗan Musulmi da kuɗinsa a hannu ba, kuma bai shiga zuciyar kowa ba. Ni ina ƙasa ina ƙulli har fatar yatsana ta saɓule, zuwa lokacin na daina murna. Ranar Asabar da hantsi ba abin da ya rage a katakan butik sai ashana da allurai da wani tsohon gwangwanin man shafawa. Baba ya share ɗakin da kansa, fuskarsa sakayau kamar wanda ya sauke farali.

Ya tafi Konni sarin kaya da duk abin da ya samu. Da, in ya dawo, amalanke biyu ke kwaso kayansa daga bakin tasha, mu bi su muna tsalle. Ranar nan amalanke ɗaya ce, ita ma ba ta cika ba, kuma babu sukari ko buhu guda, don manyan ƴan kasuwa sun ɓoye shi. Ya jera ɗan abin da ya kawo, yana ta ware gwangwanaye don su rufe gurbi. Alhaji Sanda kuwa zazzaɓinsa ya warke, ya buɗe ƙofa da sabon farashi.

A farkon azumi Inna ta aike ni sayo sukarin kunu a tsallaken kwalta, mu da ke sayar wa gari. Yaron Alhaji ya miƙo mini leda, na juya ta a hannuna, sai na ga ƙullin. Ni kaɗai ke irinsa, sau biyu nake zagayawa in bar ɗan kunne a gefe. Na ɗaga kai na ga kwando guda cike da su bisa kantar butik ɗin, duka aikin hannuna, ana sayar da su ninki biyu. Ban san sanda na tsallaka kwalta ba. Na tarar da Baba bisa buzunsa yana jan carbi, na zube gabansa ina kuka, na faɗa masa komai, tun daga gindin bedi har gidajen talla. Na so ya buge ni, wallahi da ya fi mini sauƙi. Ya daɗe yana kallon ledar, sannan ya ce, "Tashi, Aku. Ai ba ƙarya kika yi ba." Inna ce ta kwana uku ba ta yi mini magana ba, kuma ban ga laifinta ba.

Butik bai mutu rana ɗaya ba, a hankali ya tsiyaye kamar tulu mai tsaga. Kowane zuwa Konni kayan sai sun ragu, gida kuma sai an ci. Waɗanda suka sa masa albarka a layi suka koma inda kaya suke, ba don mugunta ba, ai ba a dafa albarka a tukunya. Da damina ta faɗi Baba ya cire ƙofar kwanon ya sayar, ɗakin ya zama makwancin awaki. Mutumin da ya haura hamsin ya koma dakon albasa, yana ɗora buhuna bisa manyan motoci a bakin kwalta, ni kuma aka cire ni daga lakwal na riƙe tire safe da yamma. Masu gardama suka kwashe tabarminsu suka koma rumfar Alhaji Sanda. Ina wucewa da talla ina jin su, har yanzu Faransa, har yanzu uraniyom, ba wanda ya rage murya. Baba ya yi rani uku yana dako, a na huɗu ƙirji ya kama shi, bai tashi ba. A zaman makoki kowa cewa yake ba a taɓa mai gaskiya irinsa a garin ba. Alhaji Sanda ma ya zo, ya kawo tiya biyu ta gero.

Yau ina Konni da aure, ina da butik nawa a bakin kasuwa. Gardamar nan ba ta ƙare ba, ta koma cikin wayoyi da bakin ƴan kabu-kabu, wa ke cin arzikin ƙasa, wa za a kora, wa za a kira, kuma wani sa'in har ni ake yi, don bakin nan bai mutu ba. A shekarar da aka rufe iyakarmu da Najeriya, ina jin labari na ja ƙofata na sa kwaɗo, ban buɗe ba sai da na ga inda kasuwa ta tsaya. Shinkafar da na saya da tsohon kuɗi na ninka mata farashi, ban yi wata-wata ba. Cikin masu saye akwai wata tsohuwa da ta zo daga wajen garinmu. Ta ji farashi, ta kwance bakin zanenta, ta ƙura mini ido ta ce, "Ke ba ɗiyar Malam Hamidu ba ce, mai butik na bakin kwalta?" Na ce ni ce, Iya. Ta ce, "Allah ya jiƙan ubanki," ta ajiye kuɗin, ta ɗauki rabin abin da ta zo saye ta tafi. Ban kira ta ba. Butik nawa yana nan, ƴaƴana duka suna lakwal, ba wanda ya taɓa ɗaukar tire. Sai dai ina kewar ɗakin nan na ƙasa da mutumin da ke cikinsa, kuma har yau ban san da wane ido zan kalle shi ba ranar da muka gamu.