Baba Dogara da Duwatsun Kubanni

Duk wanda ya san babana, Malam Dogara, ya san ba ya wuce dutse a cikin ruwa bai birkice shi ba. Ko da kayan coci ne a jikinsa, sai ya naɗe wando ya tsuguna a rafin Kubanni yana leƙen gindin dutse. Aikinsa ke nan a jami'a. Wasu 'yan ƙwari yake nema da ba sa zama sai a ruwa mai tsabta, wai in suna nan, rafi na da sauran rai. Tun ina firamare rabonsa da ganin ko ɗaya.

Firjin gidanmu a Samaru kuwa, sai da addu'a ake buɗe shi. Wata rana Kawu Bulus ya zo daga Basawa da ƙishirwa, ya ɗauki gora ya kafa kai. Ya sha rabi Baba ya shigo.

"Bulus, ruwan ƙarƙashin gada ka shanye mini! Gobe zan auna shi."

Mama ta ruga neman manja. Baba ya jawo kujera ya ce, "Tunda dai ka riga ka sha, yaya ka ji ɗanɗanon?"

Ya shuka ciyawar jema a gaɓa don ta riƙe ƙasa, masu tifa suka kwashe yashin har da jemar. Ya sake shukawa, suka sake kwashewa. Ranar da ya zauna a kan yashi ya ce ba inda za shi, a saman lodin aka kawo mana shi gida, yana ta yi wa direba lacca.

Amma ni taurin kan nan ya fi ci. A Kubanni aka yi masa baftisma yana saurayi, ya kuma rantse a nan za a yi wa 'yarsa tilo, in rafin ya warke. Fasto ya zo har gida.

"Malam, ai mun gina tanki a coci."

"Tanki na kiwon tarwaɗa ne, Fasto."

"To, mu je rafin."

"Zunubi za ka wanke mata ko taifot za ka ba ta?"

Duk sa'o'ina aka yi musu baftisma, suka yi aure, ni ina zaune ina jiran ƙwaro. Na yi fushi, na yi kuka, daga baya ni ma na koma birkice duwatsu.

A gadon asibiti ya kira ni. "Rifkatu, ki je Fasto ya sa ki a tankin nan."

"Baba, damina ta kusa, ƙila ƙwarin su dawo."

Ya juya fuska ga bango. "Ba za su dawo ba, 'yata. Kada ki ƙara jira."

Na fi son ya yi mini taurin kai, kamar yadda ya saba yi wa kowa. Bayan jana'iza aka yi mini baftismar a tankin, ina kuka, mutane suna tsammanin na murna ne.

Ubangiji ya zaunar da kai a bakin ruwa mai tsabta, Baba. Namu ya fi ƙarfinmu.