Ƙaton da ya shigo ba sallama

'Yan uwa, yau Innarmu ta kori ƙato daga ɗakina, kuma ko ƙafarsa ba mu gani ba!

Kasuwar Tanout na tafi, na bar wa Balki, autata mai shekara tara, salulata ta yi wasan tseren mota. Wallahi ban san ana magana da mutane a ciki ba!

Inna tana tankaɗe a tsakar gida sai ta ji muryar namiji a ɗaki. Ta faɗa ciki da muciya. "Wane ne ya shigo mana ba sallama?"

Balki ta ce, "Abokina ne na wasa. Ya ce in buɗe kamara in cire kallabi, zai ba ni sabuwar mota."

Inna ta fizge salular. "Kai ɗan gidan wa?"

Wai shekararsa sha ɗaya.

"Sha ɗaya, da wannan murya ta mai jikoki? Faɗi sunan ubanka!"

Ɗif! Ya kashe.

Da na dawo aka ba ni labari, sai da na zauna a ƙasa. Na goge wasan, na rungume Inna. Allah ya saka mata da aljanna!

Kun tuna shekarun tamanin, in mun je kallon tele, namiji ya fito, ta ja mayafi wai yana kallonta, mu yi ta dariya? Yau ta dube ni ta ce, "To, Hadiza, yana kallo ko ba ya kallo?"