Halidu Tela da Buhunan Taimako

Ni ke dafa wa 'yan kaso abinci a shekarun fari, zamanin soja. A bakin tukunya na san Halidu.

Tela ne, mutumin Tawa, kekensa na ɗinki na wata rumfa a unguwar Kalley, cikin Yamai. Da yunwa ta koro mutane zuwa Yamai, ɗinkin riga ya mutu. Sai ya koma sayen buhunan taimako da aka riga aka juye, yana ɗinka katifa da labulen ƙofa. Wata safiya jandarmomi masu farautar ɓarayin hatsin taimako suka tarar da tarin buhuna a bayansa. Ya ce babu komai ciki ya saye su. Suka ce to ina hatsin? Haka ya zo wurinmu.

A kaso mutum iri biyu ne. Wanda aka yanke wa hukunci ya san ranar fitarsa, ana kai shi aikin garka bakin kogi, ya sha iska, ya tsinko ganye ya ƙara a tuwonsa. Mai jiran shari'a kuwa, doka ta ce ba shi da laifi tukuna, don haka ba a fitar da shi aiki. Yana ɗaki yana ruɓewa.

Halidu ya jira. Aka ce alƙali ya tafi, aka ce sabo bai zauna ba. Damina ta zo ba ruwa, ta wuce. Matarsa Zeinabu, mai kawo masa fura kullum, ta koma zuwa ranar Juma'a kawai, furar ma ta zama ruwa.

Wata rana ina zuba masa tuwo ya ce, "Baba Sumana, ɓarawon akuyar nan da ya tarar da ni ya fita jiya."

Na ce, "Shi ai ya yi sata. Kai me ka yi?"

"Ban yi komai ba."

"To, shi ya sa."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ni ban yi ba.

Tsofaffin 'yan kaso sun sha gaya masa hanyar fita. In ya musa, za a ce sai an nemo waɗanda suka sayar masa da buhunan, su kuwa sun watse cikin duniya. In ya amsa, hukuncin ba zai kai zaman da ya riga ya yi ba. Ya rantse ba zai ɗauki sunan ɓarawo ba. Sai Zeinabu ta zo da ƙaramar 'yarsu a goye, wuyan yarinyar kamar kara. Ranar da aka kai shi gaban alƙali ya ce shi ya kwashe hatsin. A makon aka sake shi.

A Kalley ba wanda ya ƙara ba shi ko ɗinkin maɓalli. Ya ƙetare gada da kekensa, ya zauna Lamordé yana facin wandunan ɗalibai, inda ba a san shi ba. Can na same shi gab da salla, na tambaye shi ko zai je Tawa ganin tsohuwarsa. Ya ce labari ya riga shi isa, ta aiko kada ya zo. Ya ci gaba da taka keke.