Ranar da Muka Kai Inna Ƙetaren Gada

Shekaruna a unguwar Morrisania ta Bronx, a Amurka, sun fi waɗanda na yi a garin da aka haife ni, amma akwai wata safiya a can da ba za ta bar ni ba har a mayar da ni ƙasa. 'Ya'yana idan na fara labarin sai su amsa mini da Turanci, su ce ai sun sha ji. To bari in ba ku, ku da ba ku ji ba.

A zangon wani gari na bakin kogi muka tashi, a ƙasar da ba ta Hausa ba. Lokacin yaƙi ya kusa cin garin, sojojin gwamnati suna ta ja da baya, sai Inna, mahaifiyarmu, ta rasu da hantsi. Mu biyu ta bari, ni da Yaya. Maƙabartar Musulmi kuwa tana ƙetaren kogi, ta ɓangaren da 'yan tawaye ke tahowa.

Na ce a binne ta a bayan masallaci a huta. Yaya ya dube ni ya ce, "Kusa da Baba ta ce a sa ta. Ko ba a gabanka ta faɗa ba?" A gabana ta faɗa. Amma ni mutum ne mai gaggawa, ga matata da tsohon ciki, ga tsoro. Na ce masa taurin kansa zai kashe mu. Sai kawai ya ɗauki shebur.

Mu shida da liman muka ɗauki makara. A kan gada duk duniya gudowa take yi, mata da ƙullin kaya, motocin soja cike da masu rauni, mu kaɗai muke kutsawa ta inda ake gudu. A bakin gadar muka tarar da injiniyoyin soja. Wasu sun sauka da igiya suna ɗaura nakiya a jikin ginshiƙai, wani yana warware waya yana tafiya da baya kamar mai shanya zare. Sajansu ya tare mu da hannu.

"Ina za ku? Wannan gadar yau za ta faɗi."

Yaya ya nuna masa makarar. Mutumin ba Musulmi ba ne, amma ya cire hularsa. Ya ce umarnin da aka ba shi shi ne da zarar motarsu ta ƙarshe ta wuce ya tashi gadar, kuma ba shi da ikon ƙara ko minti ɗaya. "Zan busa usur sau uku. In kun ji, ku bar abin da kuke yi ku rugo."

Ƙasar wajen tauri gare ta. Muka haƙa, gumi na shiga mana ido, ƙarar bindiga na matsowa daga cikin daji. Mun sa Inna, mun jera itatuwa, mun fara turo ƙasa ke nan sai usur ya tashi. Liman ya tattare rigarsa, sauran mutane suka bi shi. Kabarin ko rabi bai rufu ba.

"Yaya, taso mu tafi!"

"A bar ta haka karnuka su tone? Je ka, kana da mai ciki a gida. Ina bayanka."

Ni kuwa haushi ya cika ni. Na ce masa, "Kai ka sani." Wallahi abin da na faɗa masa ke nan, na juya na sheƙa da gudu.

Ina taka gadar motar ƙarshe tana wucewa. Da na ƙetara, na kama hannun sajan ina roƙo, yayana yana baya, don Allah a ɗan jira. Ya dubi agogonsa, ya dubi hanya. Na ga ya jinkirta, kuma na san ya jinkirta fiye da yadda aka yarje masa. Sai ga ƙurar motocin 'yan tawaye a kan tudu. Ya ture ni cikin kwalbati, ya yi wa mai riƙe da akwatin tayar da nakiyar alama.

Ƙarar ba ta kunne ba ce, a ƙirji na ji ta. Da hayaƙi ya lafa, tsakiyar gadar tana cikin ruwa. A ɗaya gaɓar na hango Yaya tsaye, rigarsa duk jar ƙasa. Ya ɗaga shebur sama don in san ya gama. Ya yi wata magana, kogi ya cinye ta. Sojoji suka tura mu cikin motar injiniyoyin.

Ganina da shi na ƙarshe ke nan. Bayan yaƙi na koma har sau biyu, na bi sansanoni da masallatai ina tambaya. Kabarin Inna na same shi a rufe tsaf, har da ƙayar da Yaya ya jera a kai. Shi ne dai ba wanda ya san inda ya yi. Sajan ban taɓa riƙe shi a zuciya ba, aikinsa ya yi. Bakina ne na kasa yafe wa.

Ina kewarsa, ba kaɗan ba. Yanzu idan aka yi rasuwa a nan Bronx muka kai gawa, mutane suna hanzarin komawa shago da tasi, ni ne na ƙarshen barin kabari, har abokai suna tsokanata wai ko an ba ni gadin wurin ne. Sai in yi dariya in ƙyale su.

Abin da ranar ta koya mini shi ne, duk wanda za ka rabu da shi, ko da aike ne zuwa bakin titi, ka rabu da shi da magana mai daɗi. Ni na yi zaton da la'asar zan ba Yaya haƙuri.