Tsagar Gidanmu a Kuncin Marainiya

A gidanmu na Zongo, a Paraku, ni kaɗai na yi lakwal, wato makarantar boko, har na iya karanta Faransanci, don haka duk takardar da ta shigo gidan a hannuna take ƙarewa. Ba alfahari nake yi ba. Wannan karatun ne ya sa aka rataya mini jakar takardun yarinyar, na yi kusan shekara huɗu ina yawo da ita, kuma da shi na cuci mahaifiyata.

Yarinyar 'yar wana ce, mahauci. Matarsa ta tafi gidan iyayenta a Jugu haihuwar fari, ta sauka ranar Talata, jini ya ƙi tsayawa, ranar Juma'a aka yi jana'izarta. Suna a tsaitsaye aka yi shi, masu zaman makoki ne suka ci ragon. Wanzami ya yi aski ya tafi, ba wanda ya tuna da tsagar gidanmu, layi uku gajeru a kowane kunci. Ina da ita, wana yana da ita, Inna ma tana da ita, don ita da marigayi Baba 'ya'yan wa da ƙani ne.

Babbar yayarmu kuwa tana Faransa. Mijinta tsohon soja ne, da aka sami 'yancin kai bai dawo ba, ya kama aiki a tashar jiragen ruwa, ya aiko ta bi shi. Shekara goma sha ɗaya da aure, ko ɓari ba ta taɓa yi ba. Da labarin rasuwar ya isa gare ta, sai ga wasiƙa da rubutun mijinta, don Yaya ba ta yi karatu ba. Bayan ta'aziyya magana ɗaya ce a ciki: a ba ta yarinyar ta riƙe.

A wurinmu wannan ba abin dogon zance ba ne. Inna kanta gwaggonta ce ta riƙe ta, aka ɗaure mata 'yan tsummokaranta aka ɗora ta a jaki, shi ke nan. Wana ya ce ya ba Yaya halak malak, aka shafa fatiha, muka zauna jiran wani mai tafiya da za a haɗa shi da ita in an yaye ta. Mijin Yaya ne ya rubuto ya ce ba haka ake yi ba. Sai alƙali ya yarda a nan, wani ya yarda a can, sai yarinyar ta zama 'yarsu a takarda kafin a bar ta ta hau jirgi.

To, yarinyar ba ta da takardar haihuwa, uwarta ba ta da ta mutuwa. Dukansu a Jugu za a nemo su, da shaidu. Na san hanyar Jugu kamar tsakar gidanmu, na san gadar da babbar mota ke tsayawa da damina a sauke mu mu taka. In na je, mai sa hannu ya yi tafiya. In na same shi, hatimi yana kulle a wurin wani. Sau biyu ina gab da gamawa sojoji suka kifar da gwamnati, na koma na tarar da sabuwar fuska a kujerar, aka ce in dawo in ƙura ta lafa. Ranar da alƙali ya gaya wa wana cewa yarinyar za ta amsa sunan wani uban, sai wana ya goge babban yatsansa a riga ya dangwala. Likita ya duba ta ya rubuta cewa lafiyarta lau, kuma babu wata alama a jikinta. Mai hoto na bakin tashar jirgin ƙasa ya cusa kansa cikin baƙin ƙyalle ya ɗauke ta, aka manna hoton a kan takardun.

Duk wannan lokacin Yaya tana aiko da riguna. Da hoton da muka aika mata take auna yarinyar, kafin kayan su iso ta girme su. Inna takan ninke su ta zuba a akwati ta ce na 'ya'yan 'yar lakwal ne, in Allah ya sa wani ya iya da bakina.

Yarinyar tana shekara biyu da rabi takardar da muke jira ta zo: a kai ta wani ofis a Kwatano nan da wata guda, a gan ta ido da ido, a ba da izinin tafiya. Gidanmu har guɗa aka yi. Inna ta ce ba a raba yaro da dangin uwarsa ba sallama, ta goya ta suka tafi Jugu. Kwana biyar suka yi. Da suka dawo na kwance goyon, na ga kumatun yarinyar a kumbure, an cusa baƙin tukunya a cikin sabuwar tsaga.

Na ce, "Inna, me kika yi haka?"

Ta ce, "Abin da aka manta ranar suna. Kakanninki da ke bin hanyar Gwanja da jakunan goro, da me kike tsammani suke gane nasu? Yaro ya ɓace a zango, bayan shekara ashirin a gan shi a wata kasuwa a ce wannan namu ne. Za ku kai ta inda ba mai amsa mata sallama, fuska wayam? In na mutu, kin mutu, ta zo ta tsaya a ƙofar nan, wa zai ce mata shigo?"

Na yi faɗa, amma don zafin da yarinyar ta sha na yi shi. Maganar hoto ko kusa ba ta faɗo mini ba, ni mai karatun. Sai da muka kwana a jirgin ƙasa, muka isa Kwatano, muka zauna gaban wata mata mai tabarau, na ga tana duban hoton tana duban yarinyar, sannan na gane abin da ya faru. Ta ja yatsa a ƙarƙashin rubutun likita, inda ya ce babu wata alama. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce ita ba za ta iya rantsewa cewa wannan ce yarinyar da ke cikin hoton ba, kuma an sha kawo musu wani yaro da takardun wani. Na nuna mata kumatuna, na ce ta duba, iri ɗaya ce. Ta ce ta gani, wannan ya nuna yarinyar tamu ce, bai nuna ita ce ta cikin takarda ba. A jira tsagar ta warke, a sake hoto, a sake likita, a sake shaidu, sannan a yi bincike.

Da na koma Paraku ko takalmi ban cire ba. Inna tana tankaɗe a tsakar gida, na jefar da jakar a gabanta na ce, "Ga aikinki nan. Shekara biyu da rabi kin zubar da aska ɗaya. Wallahi in Yaya ta mutu ba ta rungumi yarinyar nan ba, alhakinta na wuyanki." Ban san Yaya ba ta da lafiya ba. Baƙar magana kawai na nema, na ɗauki wadda ta fi kaifi.

Inna ta ci gaba da tankaɗenta. Washegari da safe, bayan ta yi wa yarinyar wanka, na ga ta lakato man kaɗe tana murzawa a kan tsagar a hankali. Ita da ta sa aka zuba baƙin tukunya don kada ta ɓace, ita ce yanzu take son ta goge. Kullum safiya haka, ba fashi.

Na koma hanyar Jugu. Da aka yi sabon hoto na aika wa Yaya guda, amsa ta zo bayan wata biyu. Kamar kullum aka taru na karanta. Ta gaida kowa, ta ce tari ya dame ta amma da sauƙi, mu yi haƙuri da jira kamar yadda take yi. A ƙasa akwai layi biyu: "A gaya wa Inna na gode da tsagar. Hoton farko 'yar kowa ce, wannan kuwa in na dube shi gidanmu nake gani, ba na ajiye shi." Na ga layin, na ɗaga kai na ga Inna ta zubo mini ido. Raina yana ɓace har lokacin, ƙafafuna sun gaji da hanya, ban ga dalilin da za a wanke ta da arha haka ba. Na ce, "Shi ke nan, ta ce a gaida maƙwabta." Na ninke wasiƙar na tura a jaka, da niyyar in karanta mata in na huce.

Shekara guda da 'yan watanni aka ƙara. Wayar tangaraho mai labarin rasuwar Yaya ta riga izinin isowa da kwana goma sha tara. Tarin ne. Mijinta ya rubuto daga baya cewa da hoton a hannunta ta cika, kuma shi kaɗai ba zai iya riƙon 'ya mace a can ba, a yafe masa. Izinin yana nan a jakar har yau, da hatiminsa.

Bayan sadakar bakwai na fito da safe na tarar da Inna a bakin ƙofar ɗakinta, yarinyar a cinyarta, tana murza man kaɗen nan. Na koma ɗaki na ɗauko wasiƙar, na durƙusa a gabanta, na karanta mata layi biyun da na ɓoye, ina kuka. Na ce ta yafe mini.

Ta karɓi takardar ta juya ta, ta dubi rubutun da ba ta iya karantawa, ta miƙo mini. Ta ce, "Allah ya yi miki albarka, kina son ki sanyaya mini rai. Amma da tana ciki, da kin karanta tun ran nan."

Na rantse. Na kira malamin lakwal na unguwarmu ya karanta mata, ta yi masa godiya, da ya fita ta ce ai ni na gaya masa abin da zai faɗa. Shekara shida ta yi bayan Yaya, kuma duk safiyar da ta iya tashi sai ta kira yarinyar ta shafa mata man. Ni na riƙe yarinyar har na aurar da ita. Tsagar tana nan a kuncinta, ba ta ragu ba.