Jajen Digiri na Biyu

Katsina zuwa Batsari

Ana sallame asuba na kama hanyar tasha. Na gama digirin zanen gine-gine, ina son ƙaro karatu, amma Baba ya ce ba inda za ni sai mahaifiyarsa da ke Zakka ta sa albarka. Zaɓi uku ne a gabana: in zurfafa a zanen, ko tsara birane, ko adana gine-ginen ƙasa, wanda shi raina ke so.

Direba da ya ji sana'ata sai ya ce, "Yallaɓai, don Allah ka fara zana mana titi." Haka muka yi ta faɗawa ramuka har Batsari, inda na karya da koko da ƙosai.

Batsari zuwa Zakka

A-kori-kura muka hau. Wajen Runka, inda 'yan bindiga kan tare hanya, kowa ya kama addu'a, ni ma tsoro ya kama ni. Daga Safana ɗan acaɓa ya ƙarasa da ni.

Na tarar da zauren Kaka cike da dattawa, kowa na cewa, "Sannu da haƙuri." Na zaci Kaka ce ta rasu, na ruga ciki. Ga Kaka garau tana ɓarar gyaɗa.

"Maigidana, ashe faɗuwa ka yi?" in ji ta. "An ce za ka sake digiri na biyu. Mi ya samu na farin? Haƙura ka dawo gona."

Ashe jajena ake yi! Na rasa ta inda zan fara, sai na tuna marigayi mijinta magini ne.

"Kaka, in Malam ya jera sahun tubali na farko, ya gama ke nan?"

"Ina! Bari yake ya sha iska, sannan ya ɗora wani."

"To nawa ya sha iska."

Ta yi dariya har da hawaye, ta aika a sallami 'yan jaje. Da ta ji ginin ƙasa nake son karantawa, ta riƙe baki. "Kwaɓa ƙasar ma sai an je jami'a?"

Can ta nuna tsagewar bangon zauren. "Malam ne ya gina shi da hannunsa. Je ka, Allah ya yi albarka. Amma ka yi sauri, ni da zauren nan ban san wa zai riga wani ba."

Komawa gida

Washegari na iso Katsina lafiya kafin la'asar. Godiya ga Allah, da mutanen Zakka da suka yi mini jaje tsakani da Allah. Ban ko cire takalmi ba na gaya wa Baba ginin ƙasa na zaɓa.