Saude, Wadda Ta Sa Ni Hira da Jikata

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina shan koko da safen nan aka kira ni daga Safana, aka ce Saude ta rasu.

Ni na koya mata rubutu a firamaren Yasore. Ta girma ta zama ma'aikaciyar lafiya, kuma ko da furfura ta fito mata, ba ta taɓa wuce ni ba ta durƙusa ba.

Shekarar da muka baro Tsaskiya saboda ɓarayin daji, ni da matar ɗana marigayi da 'yarta Ummi muka samu ɗaki a Batsari. Ummi ta kusa shekara uku ba ta magana. Sai nuni da yatsa. Maƙwabta har sun fara cewa bebiya ce, ni kuma abin yana ci na.

Saude ta zo rigakafi unguwarmu. Ta tafa hannu a bayan yarinyar, yarinyar ta waiwaya. Ta ce, "Kunnenta lafiya lau. Wa ke hira da ita?"

Babu kowa. 'Yar fari ce, uwarta tana kunyarta, ko sunanta ba ta kira, balle a gabana. Kakar da za ta ɗauke ta ta riga mu gidan gaskiya.

Saude ba ta yi wa uwar faɗa ba. Ni ta juyo wa.

"Malam, ita kunya ta hana ta. Kai me ya hana ka? Ba amaryarka ba ce? Ango ya zauna ya yi shiru, ai dole amarya ta yi yaji."

Ta ce duk abin da Ummi ta nuna, in faɗi sunansa, sannan in dakata ta amsa, ko da gwaranci ne.

Haka muka yi ta yi a kan tabarma. Buta. Akuya. Babur. Kafin damina ta fita, Ummi ta ƙwace sandata ta ce, "Tawa." Yanzu tana aji biyu. In aka yi mata tatsuniya sau ɗaya, sai ta maimaita har da waƙar ciki.

Ganinmu na ƙarshe da Saude bayan Ƙaramar Sallah ne. Saude ta rame sosai, amma ta biyo ta kawo mini maganin ciwon gwiwa. Ummi ta gaishe ta tiryan-tiryan, har da tambayar mutanen gida. Saude ta yi dariya ta ce, "Malam, yanzu kuma maganin shiru za ka nema."

Ɗalibata ce. Ina faɗa da alfahari.

An jima Ummi za ta dawo daga makaranta. Ni zan faɗa mata, kuma na san za ta yi tambayoyi.

Allah Ya jiƙan Saude, Ya haskaka makwancinta, Ya raya abin da ta bari. Wanda ya karanta, don Allah ya sa ta a addu'arsa.